Jariri a Goye, Yayayye a Tsakar Gida: Bayani ga Iyalai da Shugabannin Ƙasar Wasagu

Gabatarwa

Haihuwa arziki ce, kuma duk gidan da Allah Ya nufa da ita yakan cika da 'yan barka tun daga ranar farko har zuwa ranar suna. Hankalin kowa yakan koma kan maijego da jaririnta, haka kuwa ya kamata. Sai dai a gidaje da dama akwai wani yaro na biyu, ɗan shekara ɗaya da rabi ko biyu, wanda watanni kaɗan da suka wuce shi ne a bayan uwa, yau kuwa an sauke shi an miƙa wa kaka ko wata ƙaramar yarinya. Wannan yaro bai iya faɗin yunwa ba, bai iya faɗin ciwo ba, bai kuma iya kokawar tuwo da manyan yara ba.

Mun shirya wannan bayani ne domin magidanta da iyaye mata na Wasagu da kewaye, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan lafiya na Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu da sauran sassan Masarautar Zuru. Saƙonmu guda ɗaya ne: ranar da aka haifi ƙani, gida ya sami ƙananan yara biyu masu rauni, kuma babban shi ne wanda aka fi mantawa da shi.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi, cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kaiwa shekara biyar. A lokacin babu jihar da ta kai wannan adadi a Nijeriya. Binciken ya kuma gano cewa kashi 66 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewar rashin isasshen abinci da yawan ciwo. Haka nan binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi da aka gwada.

Akwai wani abu kuma da binciken na 2018 ya bayyana game da ƙasa baki ɗaya. Kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ke da yayye an haife su ne kafin wanda suke bi ya cika shekara biyu, kuma mace-mace a cikin irin waɗannan yara ya kai ninki biyu na waɗanda aka sami tazarar shekara huɗu ko fiye. Ke nan gidan da ke da jariri da yayayye sako da sako gida ne da ke bukatar kulawa ta musamman daga iyali da kuma hukuma.

Abin da ke faruwa da yayayye

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa ya ba ta suna. Idan ciki ya shiga alhali ana goyo akan ce an yi kwanika, wasu su ce rurrutsa. Abin da kan biyo baya sananne ne: a yaye yaro rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a ɗauke shi a kai gidan kaka a wani ƙauye. Yaron da jiya yake da nono da bayan uwa, yau ba shi da ko ɗaya. Sai ya yi ƙyuya, ya ƙi abinci, gudawa ta kama shi, daga nan rama ta shiga. Idan ɗan fari ne abin yakan fi tsanani, domin alkunya kan hana uwa nuna damuwa da shi a gaban surukai.

Wasu al'ummomi ma sun lura da haka. A farkon shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da a yau ake kira Ghana, ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa da fuska, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu tana saɓulewa. A 1935 ta sanar da duniyar likitoci sunan da mutanen Ga na Accra ke kiran ciwon da shi, wato kwashiyoko, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da ke kama yaron da aka ture idan an haifi ƙaninsa. Har yau da wannan suna ake kiran tamowa mai kumburi a asibitocin duniya.

Ya kamata a fahimci cewa nonon uwa a shekara ta biyu yana ba yaro kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata, ban da kariya daga cututtuka. Idan aka cire wannan kaso a dare ɗaya ba a maye gurbinsa da komai ba sai koko mai ruwa-ruwa, dole jiki ya nuna.

Idan ciki ya shiga ana goyo

An daɗe ana cewa nonon mai ciki ya lalace, yana sa yaro gudawa. Masana lafiya sun tabbatar da cewa nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, kuma mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa. Abin da ke faruwa shi ne nonon yakan ragu yayin da ciki ke girma, saboda haka sai a ƙara wa yaro abinci, ita ma uwa a ƙara mata. Matar da ke zubar jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko take yawan ciwon mara, ita ce za ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya a wurin awo kafin ta ci gaba.

Idan kuwa yaye ya zama dole, a yi shi sannu a hankali cikin makonni: a rage shayarwar rana, a bar ta dare, daga baya ita ma a janye ta. Kada a yaye yaro yana cikin ciwo. Kada kuma a haɗa masa rabuwa biyu, rabuwa da nono da rabuwa da uwa. In kaka ce za ta karɓe shi, ya fi kyau ya saba da ita tun watanni kafin haihuwa, ta kuma san ma'aunin abincinsa, a miƙa mata katinsa na rigakafi tare da shi.

Abincin yayayye

Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe zuwa dare. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar cin abinci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna kusa da shi har ya gama, domin a haka ne kawai za a san abin da ya ci. Yaron da aka haɗa kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu an sanye.

Ba sai an sayo abincin gwangwani ba. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, kuma abin da yaro ke bukata yana cikin rumbu da bayan gida. A yi kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da sauƙi. Akwai haɗin garin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo shida na dawa ko gero ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a niƙa tare, a riƙa dama wa yaro. A tuwonsa a yawaita miyar kuka, zogale, rama ko kabewa, a zuba ɗan manja ko man gyaɗa. A ba shi wake, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, da mangwaro, gwanda ko ayaba a lokacinsu. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Ƙwai ɗaya da kazar gida ta saka ya fi amfani a cikin yaro da kuɗinsa a kasuwa.

A kula sosai da tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manya suna gona, sauro da gudawa kuma suna ƙaruwa. Gidan da ke sa ran haihuwa a wannan lokaci ya keɓe wa yayayye waken suya da gyaɗarsa tun da kaka, kafin a kai amfanin gona kasuwa.

Jariri da maijego

Kula da babba ba ya nufin sakaci da ƙarami. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne kariyarsa ta farko. Daga nan har wata shida nono zalla ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, ko da a bazara ne, saboda mafi yawan nono ruwa ne. Idan uwa tana shayar da su biyu, jariri ne zai fara sha. A bar wankan jariri sai bayan yini ɗaya, a lulluɓe shi a jikin uwarsa. A cibiya a shafa maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, a guji toka, man goge baki da gashi da tsumma mai zafi. Cire beli da aska na jawo zubar jini da cutar tetanus mai sandarar da jiki, don haka a bar shi.

Ita ma maijego tana bukatar a duba ta tare da jaririnta sau huɗu: cikin yinin farko, a rana ta uku, tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, da kuma a mako na shida. Game da wankan jego, a shekarun 1970 wasu likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya da suke gani ga masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta. Shawararmu ita ce a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa ƙwarai, mai hawan jini kuwa ta bar ta gaba ɗaya. Maijegon da ƙafarta ta kumbura, take haki, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti a ranar. Lafiyarta ita ce lafiyar yaran nan biyu.

Tsakar gida da halin yayayye

Ɗan shekara biyu ya iya tafiya amma bai san haɗari ba. A kwanakin jego akwai tukunyar ruwan zafi safe da yamma, ga murhu, ga rijiya, ga maganin feshi da na ɓera, ga kalanzir ko fetur a gorar lemo. A kafa murhun jego inda yaro ba ya kaiwa, a rufe rijiya da bokitan ruwa, a ɗaga magunguna sama. Idan ƙuna ta auku a zuba ruwa mai sanyi a wurin har kimanin minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja, sannan a tafi asibiti. Yarinya 'yar shekara shida tana iya wasa da ƙaninta, amma ba ita ce mai tsaronsa ba. A sanya babba guda ɗaya wanda kowa ya san yaron yana hannunsa.

Haka kuma kada a bar yayayye da jariri su kaɗai a ɗaki. Yana iya ɗura masa abinci, ko ya danne shi da sunan wasa. Za a kuma ga ya koma fitsarin kwance, ko yawan kuka, ko neman nono da goyo. Wannan kishi ne na ƙuruciya, yakan wuce, duka kuwa ƙara shi yake yi. A riƙa ce masa ga ƙaninka, a bar shi ya miƙo zani ko ya zauna gefen uwa tana shayarwa. Uwa ta samu ɗan lokaci kullum ta ɗauke shi a cinya, uba kuma ya riƙa jan sa a jiki idan ya dawo daga gona.

Yara biyu, kati biyu

Duk ranar da za a kai jariri rigakafi a tafi da yayayye da katinsa. Jariri yana karɓar rigakafin tarin fuka, shan inna da ciwon hanta da haihuwa, sannan a koma a mako na 6, na 10 da na 14, sai kuma wata 9 domin ƙyanda, shawara da sanƙarau. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, kuma ita ce aka fi tsallakewa, domin lokacin uwa tana fama da tsohon ciki ko jego.

A watan Disamba na 2024 aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma Kebbi da Bayelsa ne jihohin farko. Ana yin sa sau huɗu, a wata 5, 6, 7 da 15. Rigakafin yana rage haɗari, amma bai ɗauke bukatar gidan sauro ba: uwa da jariri su kwana a ciki, yayayye ma a tabbatar yana cikin nasa duk inda aka mayar da shimfiɗarsa. Maganin kariya da ake rabawa gida-gida wata-wata da damina na yara ne daga wata 3 zuwa 59. A ba yayayye nasa har kwana ukun su cika, kada a raba shi da jaririn da bai kai wata uku ba. Haka nan yana da sinadarin bitamin A duk wata shida, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya.

Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu su sani cewa kowace cibiyar lafiya ta gwamnati za ta karɓi yaransu. Rigakafin yara kyauta ne, kuma wanda ya katse ba a sake shi daga farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya.

Alamomin da ba a jira da su

Ga jariri: ƙin kama nono, jijjiga, numfashi da sauri ko faɗawar ƙirji, zafin jiki ko sanyin jiki, rashin motsi, ja ko ruwa a cibiya, da rawayar ido ko tafin hannu. Ga yayayye: kumburin ƙafafu biyu, rama, ƙin ci da sha, amai ba tsayawa, gudawa mai jini, zazzaɓi da suma. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a kama hanya, ko da dare ne.

Ma'aikatan lafiya suna da tsinken awon dantse mai launi uku. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro yana cikin tamowa mai tsanani. Rawaya gargaɗi ne, kore lafiya. Abincin magani na gyaɗa da ake ba mai tamowa a ƙananan ledoji nasa ne shi kaɗai, ba a rabawa da sauran yara, ba a kuma sayarwa. Idan gudawa ta fara a jiƙa garin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10, a ci gaba da abinci.

Tazara kafin ciki na gaba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu na da suna ganin kwanika abin gudu ne, kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Shayarwa kanta tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kariyar ta ragu. Miji da mata su je cibiyar lafiya tare a yi musu bayanin hanyoyin tazarar haihuwa, su zaɓi wadda ta dace da su. Manufa ita ce kowane yaro ya sami rabonsa na nono da goyo, uwa kuma ta mayar da jininta.

Kira ga magidanta da shugabanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya tanadi kuɗin mota da abin hawa tun ciki na wata bakwai, ya kuma ba da izini tun da wuri cewa idan ciwo ya tashi a tafi asibiti ko ba ya nan. Ya rage wani abu daga hidimar suna ya mayar kan abincin maijego da yayayye. Ya yi wa jariri rajistar haihuwa a wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda kyauta ce cikin kwana 60, in babban bai da takarda shi ma a yi masa.

Ga masu unguwanni da dagatai, idan aka kawo labarin haihuwa a tambaya ko akwai yaron da bai kai shekara uku ba a gidan, a sanar da ma'aikacin lafiya na yankin. Kwamitocin raya mazaɓu su riƙe jerin irin waɗannan gidaje, su shirya da direbobi da 'yan acaɓa domin ɗaukar gaggawa. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya su mayar da shi ƙa'ida cewa duk maijegon da ta zo a tambaye ta wanda jaririn ke bi, a auna dantsensa, a duba katinsa. Kansiloli da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ke Ribah su sa ido kan kuɗin Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, domin a ga amfaninsu a cibiyoyin mazaɓu, su kuma taimaka wa marasa ƙarfi su yi rajista da hukumar KECHEMA ta jiha. Limamai da fastoci kuwa su riƙa tunatarwa a wuraren suna da taron ibada.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce ɗa na kowa ne. Muna roƙon duk wanda ya shiga gidan barka a ƙasar Wasagu, bayan ya ga jariri ya yi wa maijego sannu, ya tambayi ina babban yake, me ya ci yau, wa ke riƙe da shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.